Zauren Malam: Daga Ina Warin Teku Yake Fitowa?

Ran nan wani yaro a ajina ya komo daga hutu a Ikko, ya ce, "Malam, ashe ruwan teku wari gare shi." Na ce masa ruwa da gishiri ba su da laifi, tsire-tsiren cikin ruwan ne.

A teku akwai ciyayi kore da ja da masu ruwan ƙasa, ban da ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Suna fid da sinadarai masu saurin bin iska, kamar yadda daddawa takan cika gida. Babbansu shi ne wanda masana ke kira DMS, mai farar wuta a ciki. Tun 1935 aka gane wata jar ciyawar teku tana fid da shi.

To, ƙaƙa ake auna abin da ba a gani? Akan sa ciyawar a kwalba, a toshe, a ɗan ɗumama. Sai a soka allura mai siririn zare, zaren ya sha tururin. Daga nan a zura shi cikin na'ura mai siririn bututu, tsawonsa kamar mita 30, a nannaɗe. Iska ta tura sinadaran, su yi tsere kamar yara ran wasanni. Mai saurin tashi ya riga fita, mai manne wa bututu ya zo baya. A bakin fita wata na'ura tana auna nauyin kowane, a san sunansa. Turawan Ingila biyu, Martin da James, su ne suka fito da dabarar tseren nan a 1952.

Ina amfaninsa gare mu? Shanu suna gyatsar iskar metan, wadda ke ƙara wa duniya zafi. Wata jar ciyawa mai suna Asparagopsis tana da sinadarin buromofom, mai hana cikin saniya yin iskar. A 2021 masana a Kalifoniya ta Amurka suka ba da labari cewa 'yar kaɗan cikin abincin shanu ta rage iskar har kashi 82 cikin 100. Amma buromofom yakan gudu in an shanya ciyawar a rana, in kuwa ya yi yawa yana da illa. Saboda haka sai an auna shi a ciyawar, a auna a madara da nama, kafin a ba makiyayi.

Yara, ku murza ganyen lemo ku sansana. Abin da kuka ji, irinsa na'urar take kamawa. Sai wata mai zuwa.