Taransifoma Ba Ta Mutuwar Fuju'a

Duk wanda ya zauna a garuruwanmu na tsakiyar Jihar Jigawa, daga Dutse zuwa Kiyawa, har Jahun da Aujara, ya san yadda zance yake tafiya in wuta ta ɗauke ta daɗe. Sai a ce taransifoma ta buga. Dattawa su taru, a yanka wa kowane gida abin da zai kawo, a naɗa wakilai su tafi kamun ƙafa wajen ɗan majalisa. Masu niƙa da masu walda su koma kan janareta, masu ƙanƙara su naɗe hannu. Tambayar da ba a yi ita ce, yaushe rabon da wani ya duba lafiyar na'urar kafin ta ƙone? A ganina nan ne ciwon yake, domin taransifoma tsufa take yi a hankali, tsufan nan kuwa ana iya auna shi.

'Yan'uwa ɗalibai da ba su karanta injiniya ba za su yi mamakin jin cewa ran wannan ƙaton ƙarfe a jikin takarda yake. A cikin tankin akwai naɗin wayar tagulla, an lulluɓe ta da takarda ta musamman, an tsoma duka cikin mai. Takardar da man su ne shamakin da ke hana wuta tsallakawa daga wannan naɗi zuwa wancan. Man kuma shi ke kwashe zafi ya kai waje. Ƙarfe da tagulla suna iya shekaru aru-aru. Takarda ita ce mai rauni. Mai in ya lalace a tace shi ko a sake, amma takarda in ta tsufa ba ta komawa yarinya.

Zafi shi ne babban magabcinta. Tun 1930 wani injiniya a Amurka, Montsinger, ya nuna cewa ƙarin zafi kaɗan yana ninka saurin lalacewarta. Ƙa'idar da hukumar ma'aunin kayan lantarki ta duniya ke aiki da ita ta ce, in wurin da ya fi zafi a cikin naɗin ya haura digiri 98, kowane ƙarin digiri 6 yana ninka tsufan sau biyu. Watau ƙarin digiri 12 na sa shekara guda ta ci rabon shekara huɗu. An gina lissafin nan ne kuwa a kan ƙasar da matsakaicin zafinta digiri 20 ne. To, ina ga tamu, inda a watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40 a inuwa, daidai lokacin da kowa ya kunna fanka da firji? Ga gari yana ta faɗaɗa, ana ta jona sababbin gidaje a kan na'urar da aka kafa domin rabinsu. Sa'an nan ga laima. Damina na shigar da danshi ta duk inda murfi ya saki, danshi kuwa yana ruɓar da takarda, yana rage ƙarfin mai. Ɓarayin mai, Allah ya shirye su, su ne ke ƙarasa ta.

Alhali kuwa duk wannan yana da awo, kamar yadda likita ke ɗibar jini. A ɗebi mai a kwalba, a sa shi tsakanin ƙarafa biyu masu tazarar milimita 2.5, a yi ta ƙara ƙarfin wuta har ta tsallaka. In ta tsallaka da wuri, man ya sha ruwa ko datti. A binciki iskar da ta narke a cikinsa: in aka sami asetilin, iskar nan da masu walda suka sani, to tartsatsi na tashi a ciki. Ita kanta takardar, tsawon zarenta a ma'aunin masana kimanin 1,000 ne tana sabuwa. In ya sauko wajen 200 ta zama kamar busasshen ganye, girgiza kaɗan ta isa ta farfashe ta. Ba sai an buɗe tanki ba, burbushin da take saki cikin mai yana nuna inda ta kai. Akwai kuma Megger, ɗan akwatin da ma'aikaci ke ɗauka a hannu ya auna ƙarfin shamakin.

Me ya sa ba mu ɗauki awon nan da muhimmanci ba? An kafa NEPA a 1972, ta zama PHCN a 2005, a 2013 aka miƙa rabon wuta a Kano da Katsina da Jigawa ga KEDCO. Sunaye sun sauya, ɗabi'armu ta jiran gobara tana nan. Sabuwar taransifoma ana kai ta da kiɗa da jawabi da ɗaukar hoto. Kwalbar mai da aka kai ɗakin gwaji ba mai yi mata guɗa. Hukumar NERC ta sha faɗa cewa gyara da sauya taransifoma nauyin kamfanin rabon wuta ne, ba na talakawa ba. Lalle haka ne. Amma fa wanda nauyin sauyawa ke kansa, shi ya fi kowa cin ribar dubawa.

Ku matasan ma'aikata da ke rubuta takardun kasafi a Dutse, a duk lokacin da gwamnati za ta sayi taransifoma ta ba wani gari, ku sa a rubuta wa zai riƙa gwada ta, da kuɗin wa, kuma sau nawa a shekara. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakarsu, saboda haka ba a ce komai sai Abuja. Muna da Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, da kwalejojin fasaha a Dutse da Kazaure da Haɗeja. Ɗalibi ya ɗauki taransifomomin gundumar Aujara, tare da ma'aikatan kamfani, ya rubuta shekarar kowacce, da nauyin da take ɗauka da magariba, da sakamakon manta, ya fi masa amfani da kwafo aikin da wani ya yi a Turai.

Jama'ar gari ma suna da nasu. Taransifoma mai ƙaramin tankin mai a samanta tana da wata kwalba cike da tsakuwoyi masu shan laima. Irin shuɗin nan, in suka koma ruwan hoda, sun ƙoshi, danshi ya fara wucewa cikin mai. Ana ganin wannan daga bayan shinge, ba tare da an taɓa komai ba, haka ma yoyon mai a gindinta. Wanda ya gani ya rubuta wa ofishin kamfani, ya sa kwanan wata, ya ajiye kwafi a wajen mai unguwa.