Cancanta Kaɗai, Malam?

Malam, ka rubuta cewa cancanta kaɗai ke buɗe ƙofar Jami'ar Harvard, wai wanda aka ajiye a jerin jira makinsa ne ya gaza. Haba dai! Shari'ar da aka yi kan ɗaukar ɗalibai a jami'ar, wadda ta ƙare a Kotun Ƙolin Amurka a 2023 ta fasa ƙwai: cikin fararen fata da aka ɗauka, kusan kashi 43 cikin ɗari 'yan wasanni ne, ko 'ya'yan tsofaffin ɗalibai da ma'aikata, ko masu uwa a gindin murhu, irin 'ya'yan masu ba jami'ar gudummawa.

Jerin jiran ma ba layin gidan mai ba ne. Bayan 1 ga Mayu, idan waɗanda aka ɗauka sun ba da amsa, jami'a ke ƙirga kujerun da suka saura, tana iya tsallake ɗari ta zaƙulo mai goge ɗaya, don ƙungiyar kiɗanta ta rasa irinsa.