Albashi mai tsoka, riyal nawa ne?

Dillalan da ke kai 'yan mata aikatau Saudiyya sun iya baki. Sai su ce aikin na da albashi mai tsoka, har su sirka da Turanci don maganar ta yi nauyi, amma ba sa faɗin riyal nawa. Hausawan da ke zaune a Makka sun san inda irin wannan alkawari ke ƙarewa. Za a ce ai riyal ya fi naira daraja. Gaskiya ne, tun 1986 dala ɗaya riyal 3.75 ce. Sai dai sassaucin da aka yi a 2021 wa tsarin kafala, mai ɗaure ma'aikaci ga uban gidansa, bai shafi masu aikin gida ba, don haka rabuwa da uban gida mai danne haƙƙi tana da wuya ƙwarai. Iyaye, kada ku sallama 'yarku sai kun ga adadin a rubuce cikin yarjejeniya.