Tsohon Batman Da Bakin Yaran Kusada

A hutun Babbar Sallar da ta wuce na je gida Kusada, na tarar da 'ya'yan ƙannena su biyar sun yi cincirindo a kan waya ɗaya a zaure, suna kallon wani fim ɗin Batman na wannan zamani, irin wanda duhu ya lulluɓe shi har sai mutum ya ƙanƙance ido kafin ya gane wa ke dukan wa. Da suka kammala sai na ce wa babbansu, ɗan shekara 11, ya ba ni labarin abin da ya gani. Ya yi jim, sannan ya ce, "Baffa, faɗa suka yi, ya gama da su." Na ce sai kuma me? Ya ce shi ke nan. Fim na kusan awa uku ya tashi a kalma bakwai. Wannan amsa ita ta mayar da ni Kankiya ta 1989, ta tuna mini da wani Batman na daban wanda har gobe nake jin yana bi na bashin godiya.

A wancan lokaci ina zaune a gidan kawuna a Kankiya ina karatun firamare. Kawu malamin makaranta ne da ya je kwas Ingila ya dawo a 1988 da na'urar bidiyo da kwali guda na kaset. Daga baya na fahimci yadda aka yi Batman ya shiga kwalin nan: a ƙarshen 1987 ma'aikatan tashar TV-am ta Landan sun shiga yajin aiki, sai tashar ta riƙa cike gurbin shirye-shiryenta na safe da tsohon wasan Batman, shi kuwa Kawu ya riƙa naɗa wa 'ya'yansa. Wato rigimar ma'aikata a Ingila ce ta yi sanadin da yaran unguwa guda a kan hanyar Kano zuwa Katsina suka san birnin Gotham. Duk daren da aka kawo wuta sai a fito da akwatin talabijin tsakar gida, a shimfiɗa tabarmi, mu yi zaman dirshan fiye da mu ashirin.

Ga wanda bai san shi ba, wasan ya fara fita ne a tashar ABC ta Amurka a watan Janairun 1966, ya ƙare a Maris na 1968, kashi 120. Adam West ne Batman, Burt Ward ne yaronsa Robin. Jarumin ba shi da wata murɗaɗɗiyar jijiya, har da ɗan tumbinsa a cikin matsattsiyar riga. Cesar Romero, wanda ya fito a Joker, ya ƙi aske gashin bakinsa, sai dai a shafa farar hoda a kai, kuma ana ganinsa sarai. In za a nuna suna hawan doguwar katanga da igiya, kwantar da kyamara ake yi, su kuwa suna tafiya a duƙe a kan daɓe. Waɗanda suka girma da Batman mai ɗaure fuska, na Tim Burton a 1989 ko na Christopher Nolan daga 2005 zuwa 2012, sukan ɗauki wannan tsohon wasa abin kunya. Wani abokin aikina a jami'a ya taɓa ce mini shirme ne zalla. Na yarda akwai shirme, domin da gangan masu shirya shi suka zuba shi. Manya na dariya, yara na kallo da zuciya ɗaya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce bai bar mana komai ba.

Turancinmu a lokacin bai wuce na gaisuwa ba, saboda haka ba mu jin abin da ake cewa. Amma da an kaure da faɗa sai wasu manyan kalmomi masu launi su riƙa tsalle a fuskar akwatin: POW, BAM, ZAP. Ba mu buƙaci tafinta a nan ba, domin irin wannan magana a cikinta aka haife mu. Ita ce masu nazarin Hausa ke kira amsa-kama, wato kalmar da ke zana sauti ko motsi ko kamanni har mai sauraro ya ji kamar a gabansa abin ya faru. A Turanci irin waɗannan kalmomi 'yan rakiya ne, an fi barinsu ga littattafan zane na yara. A Hausa kuwa 'yan gida ne, kuma aikinsu ya zarce kwaikwayon ƙara: muna da fari fat, baƙi ƙirin, kore shar, muna da shiru tsit, inda babu sautin da za a kwaikwaya ma sam. Hatta ƙirarsu daban take, domin yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, su kuwa da dama daga cikinsu da baƙi suke tsayawa cak, ana kuma ɗaga murya wajen furta su. Wanda ya buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 zai ga yadda suka cika shi maƙil.

Inda abin ya yi mini rana shi ne Kusada. A gidanmu babu talabijin, don haka duk hutun da na koma, ni ne bidiyon unguwa. Bayan sallar isha'i yara su kewaye ni a ƙofar gida, in fara. Sai da na raɗa wa kowa suna kafin labari ya zauna. Batman ya koma Jemage, Robin ya zama Ɗan'auta, Joker Ɗankama. Penguin kuwa, tsuntsun da ba wanda ya taɓa gani a cikinmu, sai na duba tafiyarsa da kukan da Burgess Meredith ke yi, na ce masa Agwagwa Mai Lema. Riddler shi ne Mai Kacici-kacici, kuma da yake ban ji nasa na Turanci ba, sai in cusa masa namu da na koya a ɗakin kakata. In an zo faɗa, nan ne baki ke buɗewa: Jemage ya yi wuf ya tashi, ya cafke wannan caraf, ya kwaɗa wa wancan mari fau, ƙato ya faɗi tim, wani ya auka rijiya tsundum, Ɗankama ya fice fit ta taga. In na yi sanyi, masu sauraro su ƙara nasu.

Akwai kuma wani alheri da ya zo a rigar hasara. A zango biyu na farko sau biyu a mako ake nuna wasan a Amurka, Laraba da Alhamis. Na farko ya tsaya a daidai inda aka ɗaure jaruman tamau a bakin halaka, na biyu ya nuna yadda suka kuɓuta. To Kawu ba kullum yake samun naɗar kashi na biyu ba. Sau da yawa sai mu bar Jemage a rataye a kan tukunya mai tafasa, kaset ya tsallaka wani labari daban. A Kusada ba mai karɓar wannan uzuri. Dole in ƙago hanyar tsira, kuma dole ta shiga hankali, in ba haka ba a yi mini ihu. Na taɓa sa ɓera ya cinye igiyar, aka ƙi yarda, wai ai na saci dabarar ne daga tatsuniya. Ban san wata makarantar koyon tsara magana da ta fi wannan tsanani ba, kuma har da ɗakin da na kare kundin digirina na uku nake faɗa.

A nan ne na raba gari da masu cewa baƙin jarumai ne suka lalata mana harshe da tarbiyya. Aro ba sabon abu ba ne a wurinmu. Abubakar Imam ya ɗebo daga Larabawa da Turawa da Indiyawa ya gina Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930, ba kuwa mai cewa littafin ba na Hausa ba ne. Ahmadu Ingawa, wanda sunansa ke ɗauke da garin da ke maƙwabtaka da mu, ya ɗauko sadaukin Rasha Ilya Muromets ya mai da shi Iliya Ɗan Maiƙarfi, birnin Kiev ya koma Kib, Sarki Vladimir ya zama Waldima, muka karanta muna ɗauka kakanmu ne. Abin da waɗannan dattawa suka yi da alƙalami, shi muka yi da baki a ƙofar gida, gwargwadon ƙuruciyarmu. Masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa a yau ma a wannan layi suke, kuma wasunsu gwanayen amsa-kama ne; sai dai su ke taunawa su ba yaro, shi nasa haɗiya.

Saboda haka laifin ɗan ƙanena kaɗan ne. Kowa a zauren nan ya ga fim ɗin da idonsa, to wa zai ba labari? Ba kashin da ya ɓace, domin intanet ba ta mantuwa. Fim ɗin kansa kuma ya cika kowane gurbi da ƙara da kiɗa, bai bar wa baki aiki ba. Ina ganin sakamakon a ajina: ɗalibi Bahaushe ɗan Bahaushe, in ka ce ya kawo amsa-kama goma, sai ya cije a ta huɗu, komai a wurinsa "sosai" ne. A darasin Hausa na makarantu kuwa akan ba ta 'yan layuka a haddace don jarrabawa, alhali a bakin mai labari take rayuwa. Da malaman firamare za su ware rabin awa a mako su nuna rabin labari, su kashe, su ce yara su ƙarasa da baki, da sun yi wa harshen nan aikin da tarukan ƙara wa juna sani da yawa ba su yi masa ba.

Kashegari na gwada. Na nemo wani kashi na 1966 a wayata, na tara su, muka kalla har inda aka ɗaure Adam West, Allah Ya sani ko a karo na nawa, sai na kashe na sa wayar a aljihu. Aka yi mini ca. Na ce ba za a ga ƙarshe ba sai kowa ya kawo nasa. Babban ya yi fushi ya fita. Ƙanwarsa 'yar shekara 7 ta miƙe tsaye, ta ce wai Kyanwa ce ta lallaɓo sululu ta bayan tukunya, ta ciro aska daga ɗankwalinta, ta yanke igiyar ƙat, Jemage ya diro dirim. Tana kai nan yayan ya leƙo daga waje ya ce ƙarya ne, Kyanwa muguwa ce, ba za ta cece shi ba sai da dalili, ya dawo ya zauna ya fara kawo dalilin.