Madatsar Kandaji: Wane Irin Ruwa Za A Tare?

Tun 2008 da Shugaba Tandja Mamadou ya aza harsashin madatsar ruwan Kandaji a jihar Tillaberi, hankali ya karkata ga megawat 130 na lantarki. Sai dai madatsa ba ruwa kaɗai take tarewa ba. Dagwalon marinan Bamako da zaibar masu haƙar zinariya a Mali duk Kogin Kwara suke gangarowa, zaiba kuwa a jikin kifi take taruwa. Mu masu cinikin busasshen kifi a Gaya, Malanbil da Kamba, hanyar abincinmu ake taɓawa. Ƙasashe 9 sun amince da yarjejeniyar ruwan kogin a 2008. Don haka ya kamata hukumomin Nijar su sa gwajin ruwa ya zama sharaɗi kafin a ba da izinin kunna injina.