Maida tsohon sauti MP3 a goge na asali ɓarna ce

Wata ɗabi'a ta zama ruwan dare a garuruwanmu. Duk fayil ɗin sauti da waya ta ƙi buɗewa, sai a kai wa mai tura waƙoƙi a bakin kasuwa ya maida shi MP3, sannan a goge na asali don a samu wuri. Mai yin haka yana ganin ya yi gyara, alhali ya yanke wani abu daga cikin sautin wanda ba ya dawowa har abada. Malamai da uwaye, da ku nake, domin a hannunku irin waɗannan muryoyi suke.

Labarin Shorten ya ishe mu darasi. Wani masanin binciken magana a Cambridge ta Ingila, Tony Robinson, ya ƙirƙiro wannan tsari a 1993. Fayilolinsa suna ƙarewa da haruffan SHN. Aikinsa shi ne ya matse sauti ya rage masa nauyi ba tare da ya zubar da komai ba. Masu nazarin harsuna sun adana maganganun mutane da shi, masu tara waƙoƙin da aka ɗauka a wuraren wasa a Amurka su ma suka rungume shi. Da FLAC ya fito a 2001, sai aka juya wa Shorten baya, don ba shi da gurbin rubuta sunan mai magana ko ranar ɗauka, kuma tsallakawa zuwa tsakiyar sauti wahala ne. Yau da wuya ka samu wayar da za ta buɗe SHN da kanta.

To, me ya ceci waɗancan muryoyi? Masu su sun kwashe su daga SHN zuwa FLAC, kuma babu ko ɗigo da ya salwanta. Shorten da FLAC kamar ninke zane ne a sa cikin akwati, in ka warware shi yana nan yadda yake. MP3 kuwa almakashi ne: yana yanke sassan da ya ƙiyasta kunne ba zai lura da su ba. Shi ya sa minti ɗaya na sauti mai ingancin faifan CD yake cin wajen megabayit 10, FLAC ya sauko da shi zuwa kusan rabi, MP3 na yau da kullum kuma ya bar megabayit ɗaya kacal. Sauran ba ninke su ya yi ba, zubar da su ya yi.

Aikin bai da wuya kuma ba ya cin ko dala. Manhajar FFmpeg kyauta ce, tana karanta SHN ta fitar da FLAC a kwamfuta. FLAC yana ɗauke da hatimin tantancewa a cikinsa, wanda zai nuna maka ko fayil ya lalace bayan shekaru. A rubuta sunan mai murya, gari da shekara. A ajiye shi wuri biyu. Daga nan sai a fitar da MP3 domin waya, a tura wa duk mai so.

Za a ce wuri ya yi kaɗan, kuɗin intanet ya yi yawa, kuma kunne ba ya jin bambanci. Gaskiya ne a karon farko kunne ba ya cika ji. Amma duk malamin da ya taɓa raba wa yara kwafin da aka yi daga kwafin wani kwafi ya san yadda rubutu yake dushewa. Haka sauti yake in aka maida MP3 zuwa wani MP3, ko aka sake ɗaukarsa a saƙon murya na WhatsApp. Kuma kada wani ya ruɗe ku cewa zai maida MP3 ɗinku FLAC inganci ya dawo. Fayil ne kawai zai kumbura, abin da aka yanke ya tafi.

A Yamai, cibiyar CELHTO tana tattara tarihin baka tun 1968, amma ba za ta shiga kowane gida ba. Kaset ɗin Ɗan Gurmu na Tawa ko na Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram da ke cikin akwatin tsoho, tafsirin liman da ya rasu, tatsuniyar kaka da aka ɗauka da waya, duk ku ne masu tsaronsu. Malamin da zai koyar da karin sauti da tsawon wasali a aji yana bukatar murya tsaf, ba wadda aka tatse sau biyar ba.

Don haka in za a kwashe kaset zuwa kwamfuta, ku ce WAV ko FLAC kuke so. In mai shago ya ce bai san su ba, ku karɓi kayanku ku yi gaba. Kada kuma ku yarda a goge na asali, ko da wayarku ba ta buɗe shi yau.