Razoni: Jirgin Masarar Da Ya Ɓace Wa Masu Sa Ido

A ranar 1 ga Agusta, 2022, jirgin ruwan dakon hatsi mai suna Razoni ya bar tashar Odesa ta Yukiren ɗauke da masara fiye da tan 26,000. Shi ne na farko da ya fita ƙarƙashin yarjejeniyar fitar da hatsi da Majalisar Ɗinkin Duniya da Turkiyya suka shiga tsakani aka ƙulla, don haka duniya ta zuba masa ido a shafukan bibiyar jiragen ruwa.

Takardunsa sun nuna Lebanon ya dosa. Mai sayen kayan ya ƙi karɓa saboda jinkiri, jirgin ya ratse zuwa Mersin a Turkiyya, daga nan sai aka daina jin ɗuriyarsa. Bayan 'yan kwanaki hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna shi a tashar Tartus ta Siriya.

Yadda ya ɓace ba wani asiri ba ne. Dokar teku ta ƙasa da ƙasa ta wajabta wa manyan jirage ɗaukar na'urar AIS, wadda ke shelanta sunan jirgi, inda yake da saurinsa. Amma wurin da ya nufa da zurfin nutsewarsa a ruwa, wanda da shi ake ƙiyasta nauyin kaya, ma'aikatan jirgin ne ke shigar da su da hannu. Kashe na'urar ma a hannunsu yake. Suna da tuta kuwa ana sauya su. A 2022, Razoni tutar Saliyo yake ɗauke da ita. Abin da ba ya sauyawa shi ne lambar IMO mai alƙaluma bakwai, wadda ke bin jirgi har ranar da za a farfasa shi.

Wannan ya shafi Nijeriya kai-tsaye, domin kusan duk alkamar da ake sarrafawa a ƙasar irin waɗannan jirage ne ke kawo ta, su ne kuma ke fitar da takin yuriya. Jami'in da ya rubuta wa minista cewa kaya na hanya, hujjarsa kawai ɗigo a taswirar intanet, maganar jirgin ya maimaita. Kafin a saki kuɗi ko a yi wa jama'a alƙawarin rana, wajibi ne a gwada lambar IMO da takardar lodi, a kuma nemi tabbaci daga NIMASA da Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa.